Keken Ɗinki da Kasuwa: Nazari Kan Al'adar Koya wa Matan Karkara Sana'a

Kusan shekara arba'in ke nan ana bin tsari iri ɗaya a ƙasar Hausa da sunan tallafa wa matan karkara. A tara mata a cibiyar mata ta ƙaramar hukuma, ko a wani aji na makarantar firamare, a koya musu ɗinki ko saƙar kwarashi ko haɗa sabulu da man shafawa na wata uku ko shida. Ranar yaye su a kafa rumfa, a jera kekunan ɗinki, a miƙa wa kowace nata da takardar shaida, wani lokaci har da ɗan abin jari. Gwamnatocin soja sun yi, na farar hula sun yi, 'yan majalisa suna yi a mazaɓunsu, ƙungiyoyin agaji na gida da na waje ma haka. Abin ya zauna har ya zama al'ada, kuma duk al'adar da ta daɗe haka ta isa a tsaya a tambaye ta: me take zaton matan nan sun rasa, kuma shin abin da suka rasa ɗin ke nan?

A Nijeriya tushen wannan tsari yana komawa ga shirin kyautata rayuwar matan karkara da Hajiya Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987. Shi ya baza cibiyoyin mata a jihohi da ƙananan hukumomi, ya kafa ƙungiyoyin gama-kai, ya shirya kasuwannin baje kolin kayan da mata suka yi. Bayansa Hajiya Maryam Abacha ta zo da shirin tallafa wa iyali a 1994, aka bi shi da na bunƙasa tattalin arzikin iyali a 1997. Kada a raina abin da waɗannan shirye-shirye suka yi. Kafin su, da wuya ka ji an ambaci macen ƙauye a zauren gwamnati a matsayin mai nema, mai samarwa, wadda ya kamata a yi kasafi da ita. Akwai matan da a cibiyoyin nan suka fara riƙe almakashi da fensir, wasunsu kuma har yau da wannan sana'a suke cin abinci. Amma shirye-shiryen sun bar mana gadon wani tunani da bai tsaya da ƙafafunsa ba, wato cewa macen karkara zaune take hannu rabbana, ba ta iya komai ba, in aka koya mata sana'a aka ba ta kayan aiki to an gama.

Tarihin ƙasar nan bai yarda da wannan ba. Lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufa: saƙaƙƙen yadin da ake rinawa a Kano da garuruwan kewayenta, ana kai shi har Tambutu da Gat da Tarabulus. Masaƙa maza ne akasari, marina maza ne, fatake maza ne. To amma zaren fa? Kowane zare da ya shiga masaƙa, mace ce ta gurza audugarsa, ta shiɓe ta, ta kaɗa ta da mazari a tsakar gida. Babu turkuɗin Kura, babu saƙi, babu babbar rigar sarki, in babu matan ƙauye masu kaɗi. Wasu matan kuma suna da tasu masaƙar ta tsaye, wadda ake saƙa gwado da majayi a kanta. Fiye da shekara ɗari bayan Barth, mai bincike Polly Hill ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a 1967, ta tarar da matan aure da ke cikin kulle suna tafiyar da kasuwanci mai faɗi daga ɗakunansu, hatsi da ƙuliƙuli da man gyaɗa da fura da dafaffen abinci, yara suna kai da kawowa. Baƙon da ya tsaya a bakin hanya ba zai ga komai ba, shi ya sa masu tsara shiri a birni suka daɗe suna ɗauka babu komai.

Kaɗi ya mutu, ko ya kusa. Abin da ya kashe shi ya kamata duk mai shirin tallafi ya sani. Matan ba su manta yadda ake murza mazari ba. Zaren kamfani ne ya shigo da araha, sannan masaƙun zamani suka buɗe, tun daga na Kaduna a 1957, sai ladan kaɗin yini guda ya kasa sayen ko gishirin miya. Su ma masaƙun Kaduna da Kano daga baya atamfar waje ta durƙusar da su, babbar cikinsu ta rufe a 2007. Tabarmar kaba tana fama da tabarmar roba, faifai da lefe da adudu suna fama da robobi da akwatunan ƙarfe. A duk waɗannan, hannun mai sana'a yana nan yadda yake, kasuwar ce ta zame daga ƙarƙashinta. Shirin da ya tsaya ga koyarwa yana gyara wurin da bai lalace ba.

Mu ɗauki keken ɗinkin kansa, tunda shi ne alamar wannan al'ada. Ƙauye mai gida ɗari biyu, ɗinki nawa yake buƙata a shekara? Akwai ƙaramar salla da babba, akwai bukukuwan bayan kaka lokacin da kuɗi ya shigo hannun manoma, akwai kayan jarirai da facin tsofaffin tufafi. Daga bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ba mai yanka sabon yadi sai dole. A wannan ƙauye akwai tela ɗaya ko biyu tun da can. Masu ɗan hali suna kai shaddarsu da leshinsu ga telolin gari masu keken surfani da janareta. Marasa hali suna sayen gwanjo ko ɗinkakkun kayan yara da ake sarowa daga Ƙofar Wambai da Kantin Kwari. Sai a kawo keke ashirin a raba wa mata ashirin a wannan ƙauye a rana ɗaya. Kamar an haƙa rijiya ashirin ne a kan idon ruwa guda: ruwan bai ƙaru ba, sai dai kowa ya ɗebi kaɗan. Abin da ke biyo baya sananne ne. Farashi ya karye, maƙwabciya ta kawo ɗinki ta ce za ta biya ranar kasuwa, 'yar'uwa ta kawo nata ba a ma zancen kuɗi, don kunya ba ta barin a caji ɗiyar yaya.

Wasu masu bincike biyu, Morgan Hardy da Gisella Kagy, sun gwada wannan a garin Hohoe na ƙasar Gana. Sun ƙidaya telolin garin, suka ga mata sun fi maza yawa nesa ba kusa ba, ribarsu kuma ba ta kama ƙafar ta mazan ba. Da suka rarraba odar ɗinki a tsakaninsu, sai matan suka ɗinka suka ƙara a kan aikin da suke da shi, saboda dama kekunansu suna zaune, su kuwa mazan sai sun ture wani aikin kafin su karɓi sabo. Matan ba gwaninta suka rasa ba, ba kuma keke ba. Masu kawo ɗinki suka rasa, saboda sun yi cunkoso a sana'a ɗaya. Hohoe ba ƙasar Hausa ba ce, amma duk wanda ya san unguwa mai keke a kowane gida na uku zai gane zancen.

Sau da yawa akan ji ana zargin matan da aka ba keke cewa sun sayar. Wannan zargi yana ba ni takaici. Matar da keke ya zauna mata wata huɗu ba ɗinki, bel ya tsinke mai gyara yana gari mai nisa, ga yaro kwance da zazzaɓi a watan Agusta, in ta sayar da keken ta sayi magani da masara, lissafinta daidai ne. An ba ta kadara, ta yi amfani da ita a matsayin kadara. Wanda lissafinsa ya kuskure shi ne wanda bai tambayi wa zai kawo mata ɗinki ba kafin ya sayo keken.

Akwai sana'ar allura da ba wata cibiya da ta koyar da ita, amma ita ce ta fi kowace shiga ɗakunan matan karkara a Borno da Yobe da Jigawa da Kano, wato ɗinkin hula. A nan ne ya kamata mai nazari ya daɗe, don a nan ne ake ganin yadda kuɗi ke tafiya. Kasuwar hula ba ta da matsalar masu saye. Kowane namiji a Arewa, daga ɗalibi zuwa gwamna, yana da hula, mai hali kuma yana da su da yawa, kowace da shaddar da take shiga da ita. Zanna Bukar, Bama, Damanga, Tangaran, kowace da masoyanta, kuma ana kai su Nijar da Cadi da Kamaru da zangunan Gana. Bayan da Boko Haram ta kama Bama a 2014, matan da suka yi gudun hijira zuwa Maiduguri sun shiga sansani ba gona ba dabba, amma da yawansu allura da zare suka riƙe su. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa gwanintar tana nan, ba kuma ta buƙatar wuta ko shago ko fita daga gida.

Hula takan bi ta hannaye da yawa kafin ta hau kai. Wani ya sayi yadi da zare, wani ya zana, mace ta cike zanen da allura, wani ya haɗa kai da gindi, mai wankin hula ya wanke ya sa sitaci ya ɗora a kan katako ya gyara mata tsayuwa, dillali ya kai kasuwa, mai shago ya sayar. Aikin da ya fi cin lokaci a duk jerin nan shi ne na macen. Hula mai ƙananan ido takan ɗauki makonni, ana yi tsakanin girki da raino, da dare kuma da fitilar hannu ko hasken waya, har idanu su fara gajiya tun kafin tsufa. Kuma ita ce mai ƙaramin kaso. Dalilin a fili yake: zaren ba nata ba ne. Mai ba da ɗinki shi ya kawo kayan, shi ya yanka lada, shi zai duba aikin ya ce ya yi ko bai yi ba, shi kuma ya san nawa hular za ta yi a Kasuwar Kurmi. Ita ƙwadago take yi a cikin ɗakinta. In ta ce a ƙara, akwai mata goma a layin da za su karɓa a haka.

Ba na cikin masu ɗora laifin duka a kan mai ba da ɗinki ko dillaliya. Shi ne ya zuba kuɗinsa, shi ke ɗaukar asara in yayi ya wuce ko hular inji ta karya farashi, shi ne kuma ya kawo aiki har ƙofar matar da ba mai zuwa wajenta. Shirye-shirye da yawa sun kori dillali da baki, sannan suka kasa yin aikin da yake yi, kaya suka taru a ɗakin ajiya na cibiya suna shan ƙura. Abin dubawa shi ne me zai ba mai ɗinki ƙarfin ciniki. Abu na farko, ta iya sayen zarenta da kanta, ta ɗinka tata hular, ta jira mai saye ba tare da yunwa ta tilasta mata sakin kaya a wulaƙance ba. Tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023, zare da yadi sun yi tsadar da wannan ya ƙara nisa da mace ɗaya tilo. Mata ashirin da suka haɗa kuɗi suka saro zare a dunƙule suna iyawa.

A nan ne ƙwarewar Nijar take da abin koyarwa. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani shiri a yankin Maraɗi mai suna Mata Masu Dubara. Ba a raba keke ba, ba a ma kawo kuɗi daga waje ba. An ɗauki adashen da mata suka gada, aka yi masa kwaskwarima. Maimakon kowace ta kwashe zubi bi da bi, sai a riƙa tarawa a asusu ɗaya duk mako, mai bukata ta ranta ta yi sana'a ta mayar da ɗan ƙari, in zagaye ya cika a raba uwa da riba gwargwadon zubin kowa. Matan su suke zaɓen shugabarsu da ma'ajiyarsu, su suke kafa dokar tara ga mai makara. Tsarin ya bazu daga ƙauyukan Hausawan Maraɗi zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, kuma irinsa ne Bankin Duniya ya gina shirinsa na matan Nijeriya a kai a 2018, da dala miliyan 100, a jihohi shida ciki har da Kebbi da Neja da Taraba. Ƙarfinsa shi ne yana rayuwa bayan masu shiri sun tafi, domin kuɗin na matan ne, idonsu na kai. Yana da iyaka. Abin da matalauta suka tara ba ya wuce ƙarfin matalauta, kuma batun ƙarin da ake ɗorawa a kan rance yana damun mata da malamai da yawa, abin da ya kamata a warware ta hanyar sayar da kaya bashi ko haɗa jari a raba riba, kada a share shi kamar ba komai ba. Duk da haka, asusu irin wannan ya fi keke kusa da ainihin ciwon mai ɗinkin hula da mai saƙar tabarma.

Jari rabin magana ne. Ɗaya rabin, mai saye, Bangaladash ce ta fi kowa nuna yadda ake kama shi. Ƙungiyar BRAC, wadda Fazle Hasan Abed ya kafa a 1972, ta koya wa matan karkara sana'o'in hannu, sai ta tarar masu shaguna a birni suna karɓar kayansu ba sa biya sai sun sayar, wani lokaci bayan watanni. Saboda haka a 1978 ta buɗe shagonta mai suna Aarong a Daka, da ƙa'ida ɗaya mai sauƙin faɗa: ranar da mace ta kawo kaya, ranar za a biya ta. Shagon ya ɗauki masu zane da suka san abin da 'yan birni ke so, ya kafa cibiyoyi a karkara inda ake raba aiki ana duba ingancinsa, ya farfaɗo da tsohon surfanin barguna na matan Bengal ya mai da shi abin ado. Yau masu sana'a sama da 60,000 suke aiki da shi, mafi yawansu mata. Abin da ya fi jan hankalina shi ne masu sayen: 'yan ƙasar ne da kansu, masu neman kayan salla da na biki. Bai dogara ga baƙon da zai saya don tausayi ba.

Wannan batu yana da nauyi a wajenmu. Shirye-shiryen sana'ar hannu da yawa suna hangen Turai da Amurka, ko baje koli na shekara-shekara. Baje koli yana da amfani, irin wanda ake yi wa mata masu sana'ar hannu a Yamai tun 2000 ya haɗa mata da masu saye daga ƙasashe da dama. A Zariya ma akwai ƙungiyar mata masu surfanin hannu mai sunan Sarauniya Amina, wadda tun shekarun 1990 take ɗora aska takwas da sauran zanen babbar riga a kan kayan da ake sayarwa a waje. Amma kasuwar baƙi siririya ce, kuma tana yankewa dare ɗaya. Masu sana'ar Agadas sun ga haka lokacin da rashin tsaro ya kori 'yan yawon buɗe ido. Kasuwar gida kuwa ba ta yankewa. Ba a aurar da yarinya ba zanen gado da labule da matasai da faifai. Ba a suna ba kayan jariri. Ba a salla ba hula. Abin da ya rage shi ne wanda zai tsaya tsakanin ɗakin ƙauye da wannan kasuwa da amana, ya kawo zanen da ake yayi, ya mayar da aikin da bai yi kyau ba, ya biya nan take.

Akwai abin da takardun shiri ba su cika taɓawa ba, wato abin da ke faruwa da kuɗin bayan ya shiga gida. A shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce, ci da sha da sutura kuma suna kan miji. Uwar Muminai Zainab bint Jahsh tana jima da ɗinki da hannunta, tana kuma yin sadaka da abin da ta samu yadda ta ga dama. Al'adar Hausa ma ta san wannan, har miji yakan sayi fura ko ƙuliƙuli a hannun matarsa ya biya. Amma a gidaje da yawa, da zarar mace ta fara samu, sai kuɗin cefane ya fara raguwa, har a wayi gari ribar ɗinkinta ita ce gishiri da magi da sabulu da kuɗin makaranta, jarin kuma ya narke. Ga tara kayan ɗakin 'ya mace, wanda yake cinye abin da uwa ta tara shekaru. Sannan ga talla. Matar da ba ta fita, ƙafarta 'yarta ce, kuma sana'ar da ta bunƙasa a ɗaki tana iya cire yarinya daga aji. Ta wannan fuska ɗinki da saƙa sun fi abincin sayarwa sauƙi, domin hula ba ta lalacewa in ta kwana, ba sai an aiki yarinya da ita kullum ba. Dattijuwa ɗaya amintacciya tana iya zagaya gidaje ashirin ranar da aka sa, ta karɓi aiki ta ba da zare ta biya lada. Wannan ba baƙon tsari ba ne a ƙasar da wakilan Nana Asma'u mata, waɗanda ake kira jaji, suka riƙa kai karatu ƙauye-ƙauye ga matan da ba sa iya zuwa.

Masu saƙar kaba suna da tasu damuwar daban, wadda ba keke ba asusu da zai magance. Kaba daga goruba take, kuma a wurare irin Gulbin Kaba, wajen Mayahi da Tasawa, gonaki suna cin dajin, ana yankan ganyen tun yana ƙarami kafin ya tashi ya zama bishiya. Shirin da yake son tabarma da faifai su ci gaba da kawo kuɗi dole ya shiga maganar wa ke da ikon yanka, yaushe, kuma nawa za a bari.

Su kuma kekunan da aka riga aka raba, dubbai suna nan a ɗakuna an lulluɓe su da zane, kuma akwai mai saye guda da zai iya tayar da su in ya so, wato ita kanta hukumar da ta raba su. Kowace jiha tana da ɗaliban firamare masu buƙatar kayan makaranta, asibitoci masu buƙatar zanen gado da labule, makarantun kwana masu buƙatar rigar katifa. Ɗinki ne miƙaƙƙe wanda mai wata shida a cibiya za ta iya, kuma yana zuwa duk shekara. Akasari ana ba ɗan kwangila ɗaya a birni. In aka yanka wani kaso aka ba ƙungiyoyin matan kowace ƙaramar hukuma, za a sha wahalar awo da duba aiki da tattara kaya daga ƙauyuka, kuma za a yi jinkiri a shekarar farko. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne na biya. Ɗan kwangila yana iya jiran gwamnati wata takwas, matar ƙauye ba ta iya jiran mako uku, saboda haka sai a ba da yadi da zare da rabin lada tun farko, sauran kuma ranar da aka ƙirga kaya.